Shin ana sayen amincewar jama'a da arha?

A 2007, masu bincike biyu, Ben-Arieh da Easton, suka fito da lissafin haɗa kan jama'a da kuɗi mafi ƙaranci. Kowane mutum ana sa masa farashi: nawa za a kashe kafin ya gusa daga ra'ayinsa? Sai kwamfuta ta nemo matsayar da ta fi arha. Ɗauki misalin hukumar da ke sasanta diyya da masu gidajen da titi zai ratsa.

A takarda abin ya yi kyau. Amma duba inda matsayar take faɗawa: tana karkata ne wajen waɗanda gusar da su ya fi tsada. To, in kai ne mai gida kuma ka gane haka, za ka faɗi farashinka na gaskiya? Ina! Kowa zai ƙara wa kansa taurin kai, mai sauƙin hali kuma ya tashi a tutar babu.

Masu bincike na baya-bayan nan sun yi gyara: suna ɗaukar farashin a matsayin abin da ba a tabbatar ba, su yi tanadin mafi munin yanayi. Gyaran bai gamsar da ni ba. Haka ake lissafin damina, ita kuwa damina ba ta leƙa takardarka ta sauya dabara.