African American Lives: a kan takarda ya tsaya, a kan DNA ya yi gaggawa

Na sake kallon shirin nan na Henry Louis Gates (PBS, 2006). Wajen takardu ya burge ni. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta sunayen bayin da aka 'yanta bayan yaƙin basasar Amurka. A 1850 da 1860 shekaru, jinsi da launin fata kawai ake rubuta wa bawa, ƙarƙashin sunan ubangidansa.

Amma da aka ce wa Oprah Winfrey asalinta Kpelle ne na Laberiya, sai na ce anya? DNA na mitokondiriya layin uwa kaɗai yake bi. Ka koma baya zuriya shida, kakanni 64 gare ka, ɗaya tak gwajin ya gani. Kuma tambarin da aka samu a Kpelle kan bayyana a maƙwabtansu ma.