Murɗin Zare, Abin da Masu Sukar Ɗinkin Hannu Suka Tsallake

Masu cewa ɗinkin hannu haƙuri ne kawai, wai zare duk zare ne, ba su taɓa warware sili ɗaya sun duba ba. Riƙe zare a tsaye ka ƙura masa ido. Karkatar murɗinsa ko dai ta bi tsakiyar harafin S ko ta bi ta Z. Masarawan dā kusan duk lilinsu S ne, audugar Indiya kuwa galibi Z. Sili guda da aka kaɗa kullum neman nannaɗewa yake, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku a murɗa su ta kishiyar hanya, sai zaren ya natsu.

Ɗauki zaren ado na DMC, kamfanin da ya samo asali a garin Mulhouse na Faransa tun 1746. Sili shida ne, kowanne ninki biyu, murɗinsa S. Zaren keken ɗinki kuwa Z ake yin sa, domin juyin keken yana kwance mai S har ya tsinke.

Inda na fi son ganin wannan shi ne ɗinkin naɗi, wanda ake kewaya zare a jikin allura sau da yawa sannan a zare ta, ya kwanta a yadi kamar 'yar tsutsa. Naɗa ta hanyar da ta dace da murɗin, zaren ya ƙara ɗaurewa, kowane zobe ya fito daban, haske ya zauna a kansa. Naɗa ta ɗaya hanyar, ninkin ya rabu tun a kan allura, zoben ya baje, aikin ya dushe. Hannu ɗaya, launi ɗaya, amma sai ka rantse mutum biyu ne suka yi. Masu ɗinkin furanni na Brazil, da yake zarensu mai sheƙi Z ne, akasin masu zare mai S suke naɗawa. Mai saƙa leshin hannu a Beljiyam ma takan tsaya ta murza 'yan sandunan zarenta idan birgima ta sassauta murɗin. Masu ɗora laifin dushewar a kan rini ko arhar zare, hasashe kawai suke yi.

Iyayenmu mata masu kaɗi ba su san S da Z ba, amma sun raba zare da abawa: wannan siriri mai tsauri, waccan mai kauri da sassauci, kowanne da gurbinsa a masaƙa. Tun a mazari, da alli a yatsa, ake yanke yadda ƙyalle zai karɓi allura. Duk da haka in an yaba aska takwas a babbar riga, mai zane da maɗinki ake ambata. A ganina rabin aikin na wadda ta kaɗa zaren ne.