Murya a Hannun Wasu: Sharhi kan "Wokal" da Makomar Sirri a Ƙasar Adar

Duk wanda ya zauna a Tamaske bayan an kai amfanin gona gida ya san yadda gari yake raguwa. Samari da magidanta sukan kama hanya, wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Libiya, su bar mata da tsofaffi da yara suna jiran labari. Saboda haka saƙon da ke kai da komowa tsakanin na gida da ɗan ci-rani ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Adar, domin shi ne igiyar da ke riƙe aure da zumunci da bashi. A yau wannan saƙo ya koma abin da ake kira "wokal", wato muryar da ake naɗa a salula a aika ta WhatsApp. Ya kamata masu nazarin harshe su dubi wokal a matsayin sabon nau'in magana, kamar yadda suke duban tatsuniya ko kirari, su auna abin da ya ba Bahaushe da kuma abin da ya karɓe masa.

A da wasiƙa ce. Mace takan kira ɗan lakwal ya rubuta mata da boko, ko ta aika wurin malamin zaure ya rubuta da ajami, a can ma a nemi wanda zai karanta. Ke nan kunne na uku bai taɓa rabuwa da saƙon ba, amma kunne ne mai fuska da suna, wanda aka san gidansu. In zance ya fita, an san bakin da ya fitar da shi. Daga baya kaset ya shigo, ana ba direba ko wani mai komawa gida, iyali su taru a tsakar gida su saurara. Mai magana ya san a bainar jama'a yake magana, don haka yakan tauna kafin ya furta, abin da ya shafi ɗaki kuwa ya bar shi sai ya dawo.

Ba za a raina alherin wokal ba. Ya ƴantar da wanda bai yi boko ba daga hannun marubuci. Tsohuwa a Garhanga ko Ibohaman tana iya yi wa ɗanta faɗa a Abijan da muryarta, da doguwar gaisuwarta, da Adarcinta mai "hwa" da "hwara" wanda ƙa'idar rubutu ba ta taɓa ba shi wuri ba. Ta wannan fuska wokal ya adana karin harshen da littattafai suka yi watsi da shi, ya kuma maido wa murya martabar da takarda ta ƙwace mata.

Aibinsa yana cikin wannan alheri nasa. A kunne hira ce, amma a ɗabi'a takarda ce. Mai naɗa shi yana magana kamar yana zaure da amininsa, alhali abin da ya fito daga bakinsa ya zama kaya, yana da rana da sa'a da lambar mai shi, ana iya ajiye shi, a kwafe shi, a tura shi ga wanda ba a nufa da shi ba. Da Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, yana nufin ba ta komawa, amma dai ya san bunun yana watsewa, iska ta kwashe. Wokal ba ya watsewa. Yana nan ɗungurungum, har da tari da dariyar mai shi, ba kuma halin ya ce ba haka ya faɗa ba.

Nan ne tsofaffin garkuwar harshe suka fara gazawa. Habaici da zambo da gugar zana duk dabaru ne na faɗin gaskiya ba tare da miƙa wuya ba: a jefa magana ba a kama suna ba, mai ita ya tsinci kayansa, masu sauraro su gane su yi shiru. Wannan fasaha tana rayuwa ne da shirun masu sauraro, kafofin sada zumunta kuwa ba su san shiru ba. Shari'ar ƴar jarida Samira Sabou misali ce. A watan Mayun 2020 ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗaɗen sayen makamai a ma'aikatar tsaro. Kamar yadda ƙungiyar Amnesty International ta bayyana, ba ta ambaci sunan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ba, wani ne ya rubuta sunan a ƙarƙashin rubutunta. Duk da haka ƙarar ɓata suna ta hau kanta, aka tsare ta daga ranar 10 ga Yuni har zuwa 28 ga Yuli, ranar da kotu ta sallame ta. Habaici ya mutu a duk inda kowa ke da damar rubuta sunan a ƙarƙashinsa.

Dokar da aka yi amfani da ita a wannan shari'a ita ce ta yaƙi da laifuffukan intanet ta watan Yulin 2019, wadda ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Dokar ba ta tsaya ga abin da aka baje a fili ba. A watan Afrilun 2020, in ji Amnesty, an kama wata ma'aikaciyar kotu a Yamai saboda hirar da ta yi a keɓe ta WhatsApp, inda ta soki yadda gwamnati ke tafiyar da yaƙi da cutar korona, aka yanke mata ɗaurin talala na wata 3. Bayan wata ɗaya, ranar 29 ga Mayu, majalisar dokoki ta amince da dokar da ta halatta sauraren wayoyi da saƙonni, ƴan adawa suka fice daga zauren. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi ta intanet, amma a watan Yunin 2024 mahukuntan soja suka maido da shi, suka kuma tanadi shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da ke ta da hankalin jama'a, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne.

Adalci ne a faɗi hujjar hukuma. An kashe sojoji 71 a Inates a watan Disamban 2019, da wasu 89 a Shinagodar a watan Janairun 2020, sannan a watan Maris na 2021 aka hallaka fararen hula 137 a yankin Tiliya, cikin jahar Tawa kanta. Ƙasar da ke binne ƴaƴanta haka ba za a hana ta kasa kunne ga wayar maharan ba. Abin dubawa shi ne wa ke ba da izini, wa kuma ke sa ido a kan mai sauraro. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya kare sirrin wasiƙa da sadarwa a aya ta 29, amma dokar 2020 ta sa izinin saurare a hannun shugaban ƙasa, ba a hannun alƙali ba.

Dattawan Adar ba baƙin wannan kunne ba ne. Sun rayu a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da sunan "Koordinasiyo" kaɗai ya isa ya kashe hira a bakin kasuwa. Sai dai ɗan rahoton wancan zamani dole ya zauna a dandali, ya haddace, ya je ya maimaita, ana kuma iya ƙaryata shi. Yau muryar mutum ce da kanta take tsayawa shaida a kansa. Tarihin ya bar wani darasi kuma: Amadou Oumarou Bonkano, wanda aka damƙa wa wannan kunne, shi ne ya yi yunƙurin kifar da ubangidansa a watan Oktoban 1983. Kunnen da babu mai sa masa ido bai bar ko mai shi ba.

Amma kuskure ne a ɗora komai a kan hukuma. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, ta yadda tsintar sa a hanya yake da wuya. Akwai manhajojin leƙen asiri masu tsada irin Pegasus, wadda aka gano a 2020 an auna wani bishop da wasu ƴan adawa da ita a Togo, amma ba da ita ake kama talaka ba. Sau da yawa asiri yana fita ne ta hannu: ɗan gurup da ya tura, wayar da aka bari wurin mai caji ko mai gyara, wayar da aka karɓe aka buɗe. Da ɗan gari akan ci gari. Matar da tsohon mijinta ya baza muryarta ko hotonta, da magidancin da aka yi ta yawo da kukan bashinsa daga Keita har Abijan, ba gwamnati ce ta tona su ba. Abin mamaki ne ga al'ummar da ta gina zaure don kada idon baƙo ya kai cikin gida, wadda babbar addu'arta ita ce rufin asiri, wadda kuma take karanta hanin bin diddigin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat.

Sakamakon ya fara bayyana a cikin harshen kansa. Wokal da ya zo da sakin baki yana komawa gaisuwa da addu'a da "sai mun haɗu", ga wanda kuwa yake ci-rani haɗuwar tana iya ɗaukar shekara biyu. Wannan asara ce ga adabi, asara ce ga iyali, har ga mai mulki ma asara ce, domin wanda ya tsorata bakuna ba zai ƙara jin komai ba sai yabo. Gyaran yana da hannu biyu. Na farko na doka ne: kada a saurari kowa sai da izinin alƙali, kada kuma a ɗaure mutum a kan gaskiya. Na biyu na ladabi ne, ba ya jiran majalisa: murya amana ce, ba a tura ta gaba sai mai ita ya yarda. Ɗan lakwal da ke karanta wa tsohuwa wasiƙa a Tamaske ya san wannan ƙa'ida tun bai kai shekara 12 ba.