Fasahar Sadarwa da Koyarwa ta Hanyar Bincike a Sassan Hausa: Darasi Daga Idu

1.0 Gabatarwa

Wannan sharhi ya dubi yadda ake shigar da fasahar sadarwa cikin koyarwa a manyan makarantunmu, musamman a sassan nazarin Hausa. Tambayar da muka sa gaba ita ce: shin kwamfuta da intanet sun taimaki ɗalibi ya zama mai bincike, ko kuwa kwafi suka sauƙaƙa masa? Domin auna amsar, mun ɗauki misali daga Idu da ke Abuja, mazaunin Cibiyar Bincike da Haɓaka Magunguna ta Ƙasa, wato NIPRD.

2.0 Abin da Aka Cimma

Adalci shi ne mu fara da yabo. A shekarar 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar da ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A 2023 kuma asusun TETFund ya buɗe dandalin TERAS domin malamai da ɗalibai su riƙa samun mujallun ilimi da manhajar gano satar rubutu. Malamin da a da sai ya yi tattaki zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya kafin ya ga wata maƙala, yau yana iya karanta ta daga ofishinsa.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Duk waɗannan tanade-tanade an gina su ne domin kawo wa ɗalibi ilimin da wasu suka riga suka rubuta. Wannan ya wadatar ga fannin da kayan bincikensa suka cika mujallu. Amma kaso mai yawa na kayan binciken Hausa yana bakin mutane: maƙera, majema, ungozoma, masunta da masu magani. Babu mujallar da za a sauko da shi daga cikinta.

A wasu sassan da muka leƙa, amfanin na'ura bai wuce tura takardun lacca ta WhatsApp da buga kundin kammala digiri ba. Ɗalibi zai yi shekara uku yana haddar bayanin malami, sai a shekarar ƙarshe a ce ya yi bincike. Ba abin mamaki ba ne idan ya nufi tsofaffin kundaye, ko kuma, a 'yan shekarun nan, ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa. Manhajar gano satar rubutu tana iya kama mai laifi, amma ba ta koya wa kowa yadda ake tsara tambaya ko tantance amsar mai ba da bayani.

4.0 Darasin Idu

Sanannen aikin NIPRD shi ne maganin Niprisan na rage raɗaɗin cutar amosanin jini. Asalinsa haɗin gargajiya ne da wani mai magani, Rabaran Paul Ogunyale, ya bayyana wa masu binciken cibiyar a zamanin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani ice dangin madobiya. An yi masa rajistar mallakar fasaha a Amurka a 1998, da sunan mai maganin cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, aka kuma ƙaddamar da shi a kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, kafin kamfanin da ke sarrafa shi ya durƙushe bayan 'yan shekaru.

Abin lura a nan shi ne jerin matakan. An fara da sauraron mai ilimin, aka tabbatar da kowane tsiro da sunansa, sa'annan na'urorin ɗakin gwaji suka shigo. Matakin farko aikin harshe ne tsantsa, kuskure a cikinsa kuwa yana iya taɓa rai. Zogale kaɗai ana kiran sa zogalagandi, bagaruwar Makka ko rimin nasara, gwargwadon yanki. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne masu kama da juna, wanda bai san su ba yana iya musanya su. Littafin J. M. Dalziel na sunayen tsirrai da Hausa ya fito tun 1916, ƙamusun Bargery kuma a 1934. Kare-karen harshe sun motsa tun daga lokacin, wasu tsirran sun yi ƙaranci, tsofaffin da suka san su kuma suna ƙarewa.

5.0 Shawarwari

Muna ganin cikin kashi 30 da CCMAS ta bari akwai gurbin gyara. Na farko, a tsara darasin binciken fili tun daga aji biyu, inda kowane ɗalibi zai koma garinsu da wayar hannu ya naɗo murya, ya ɗauki hoton tsiro ko kayan sana'a, ya rubuta suna da karin sautinsa da wurin da aka ji shi. Na biyu, sashe ya buɗe rumbun bayanai guda da zai riƙa tara aikin kowace shekara, a kwatanta shi da na Dalziel da Bargery da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Na uku, a ƙulla alaƙa da masana tsirrai, irin na Idu da na sassan kimiyya a jami'o'inmu, domin su tabbatar da sunan kimiyya na abin da aka tattaro. Na huɗu, a koya wa ɗalibi neman izinin mai bayani da rubuta sunansa a kan iliminsa, kamar yadda aka yi wa Ogunyale. Na biyar, a ba da maki a kan faifan murya da rubutun da aka fitar daga cikinsa, domin wannan aiki ne da ke da wuyar kwafa.

Muna sane da matsalar wutar lantarki, da yawan ɗalibai a aji, da rashin tsaron da ya hana shiga wasu ƙauyuka. Sai dai kasuwannin 'yan magani na birane, kamar Kurmi a Kano, sun isa a fara da su, wayar kuwa tana aljihun mafi yawan ɗalibai.

6.0 Kammalawa

Ma'aunin da muke ba masu tsara manhaja shawarar su riƙe shi ne: a ƙarshen zango, wane bayani ne ɗalibi ya kawo wanda babu shi a rubuce a da? Sashen da ya iya amsa wannan tambaya da faifai da hoto da sunan gari, to ya ci moriyar na'urorin da aka saya masa.