Idon da ke karanta ɗigon jini

Ɗigo ɗaya ake sa wa a kan gilashi. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya ɗauki wani gilashin, ya karkata shi, ya ja jinin da motsi guda har ya yi siriri a ƙarshe. In hannu ya yi rawa, ƙwayoyin sun cunkushe, aiki ya ɓaci. Ya bar shi ya bushe, ya kafe shi da methanol, ya zuba rinin Giemsa, sannan ya duƙa kan makiroskop mai girmama abu sau 1,000 yana ƙirga fararen ƙwayoyin jini ɗai-ɗai har 100.

Mara lafiyar da aka kawo daga Achilafiya ko Gwiwa zuwa Kazaure, abin da yake jira shi ne a ce masa maleriya ce ko ba ita ba. Gwani kuwa yana ganin abin da ya wuce nan.

Farar ƙwaya ba ta tashi yaƙi sai saƙo ya iso mata. Da sinadarin ƙwayar cuta ya taɓa fatarta, sai kalsiyam ya ƙaru a cikinta, wani enzayim ya yanko maiƙon arachidonic daga fatar, wasu kuma su mayar da shi leukotriene B4, mai kiran sauran fararen ƙwayoyin da ake kira neutrophil su hallara. Wato da kitsen jikinta take buga gangar gayya. Bengt Samuelsson da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin ne suka bayyana waɗannan sinadarai a 1979, ya kuma samu kyautar Nobel a 1982. Danginsu ne ke matse hanyar numfashin mai asma, shi ya sa ake ba da montelukast don tare su.

Maleriya ta iya ɓata wannan tsari. Ƙwayarta na cin haemoglobin, ta bar baƙin tarkace. Wata farar ƙwaya mai suna monocyte ta haɗiye tarkacen, ta kasa narkar da shi, ƙarfen da ke ciki ya riƙa lalata maiƙon farar ƙwayar, har ƙarfinta ya ragu. Ma'aikacin da ya hango baƙin ɗigo a cikin fararen ƙwayoyi da yawa ya san cutar ta yi nisa, ko da ƙwayoyin maleriyar da ke bayyane kaɗan ne, domin sauran sun maƙale a ƙananan jijiyoyi.

Inda na fi jinjina masa shi ne wajen ramukan da kan bayyana a cikin neutrophil. Suna iya nuna cewa cuta ta shiga jini. Amma jinin da ya daɗe a kwalba, musamman a zafin Afrilu, shi ma yana yin su. Saboda haka kafin ya rubuta komai, sai ya tambayi ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, in ya jima, ya sa a sake ɗiba.