Kandaji: biki uku, mai gona bai samu amsa ba

Cikin watan Afrilu ne, wajen ƙarfe biyu na dare, wuta ta ɗauke a layinmu na Plato. Muka kwashi tabarmi muka fito ƙofar gida, wani ya hura gawayi ya ɗora shayi. Ba ka jin komai sai kukan injinan wuta na manyan gidaje da ofisoshin ƙungiyoyi. Zafi ya ishe ni, na ce: "Allah ya nuna mana ranar da za a gama Kandaji mu huta." Kowa ya ce amin, ban da wani abokin karatunmu da iyayensa ke zaune wajen Ayoru. Ya kurɓi shayinsa, ya ce: "Ranar da fankarka za ta kwana tana juyawa, gonar babana tana ƙarƙashin ruwa." Na ce masa ai ba a raya ƙasa sai wani ya yi haƙuri. Ya yi shiru. Ni kuma tun daren nan maganar da na yi take cin raina, don na gane ba tawa ba ce, a rediyo na tsince ta.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ga ɗan Yamai da ya ƙi baraj. Ina son a gina shi, kuma na san dalili. Iyayenmu sun ga shekarar 1985, lokacin da kogin Isa ya tsaya cak a nan Yamai, har ana tsallake shi da ƙafa. Mu kuma mun ga watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana layin wuta bayan juyin mulki, ƙasar da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga can yake zuwa. Baraj ɗin, kimanin kilomita 180 daga nan ta wajen iyakar Mali, an ce zai ba da megawat 130, zai riƙe ruwa don kada kogi ya kafe da rani, zai shayar da hekta 45,000 na noman rani. Babu mai hankalin da zai raina wannan.

Abin da nake suka shi ne yadda aka koya mana yin zancensa: wai ɓangare biyu ne kawai, masu son ci gaba da masu hana ruwa gudu. Duk mutumin gaɓar kogi da ya ɗaga murya kan diyya ko kan fili, sai a jefa shi cikin kashi na biyu. To, bari mu duba wa ya hana ruwan nan gudu.

Tun shekarun 1970 ake zancen Kandaji. Ranar 3 ga Agustan 2008 shugaba Tandja Mamadou ya je ya aza tubalin farko. Shekara guda bayan nan sai ga Tazarce, kuma cikin manyan hujjojin da aka kawo mana har da cewa a bar tsoho ya ƙarasa manyan ayyukan da ya soma, Kandaji na sahun gaba. Aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agustan 2009, aka karya tsarin mulki da sunan aikin da ko bango bai tashi ba, sannan sojoji suka shigo ranar 18 ga Fabrairun 2010. Aka ba wani kamfanin Rasha, Zarubezhvodstroy, kwangila. A 2011 sabon shugaba Issoufou Mahamadou ya je ya ƙaddamar da aiki. A 2013 aka soke kwangilar, don abin da kamfanin ya yi bai taka kara ya karya ba. Sai watan Maris na 2019 aka sake haɗa runfuna, aka sake kiɗa, aka sake ƙaddamarwa, wanga karon da kamfanin Gezhouba na Sin. Bayan 26 ga Yulin 2023 masu ba da bashi suka rufe aljihu, kamfanin ya dakatar da aiki cikin watan Agusta.

Ku ƙirga da ni: biki uku, kamfani biyu, juyin mulki biyu. A cikin duk wannan jinkiri ina hannun manomin Ayoru? Shi ne ya zaɓi kamfanin da ya kasa? Shi ya sa hannu a takardar bashi? Shiri ne da aka ce kuɗinsa ya haura miliyar 700 na sefa, galibinsa bashi daga Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci da sauransu, kuma mu da ƙannenmu za mu biya. Ku tuna duk jawaban da kuka saurara kan Kandaji tun kuna ƙanana, ku gaya mini ko akwai guda da wani magabaci ya tsaya ya ce: ga abin da muka kashe, ga inda muka yi kuskure, ga wanda ya ɗauki laifi. Kowane jawabi gobe yake faɗa. Jiya kamar ba a yi ta ba.

Yanzu mu koma kan waɗanda ake cewa su yi haƙuri. An riga an tayar da kashi na farko, mutum sama da 5,000 daga ƙauyukan da ke bakin wurin ginin, irin su Kandaji da Sangile. Kashi na biyu shi ne babba: dubun-dubatar mutane, har da garin Ayoru kansa, mai kasuwar Lahadi da ake zuwa ci daga Mali, da tsibiransa, da masunta Sorkawa, da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, da Hausawa ƴan kasuwa da suka yi shekaru a can har suka haifi jikoki. Saboda nauyin lamarin ne ma aka tsara a cika tafkin hawa biyu, a fara da mita 224, daga baya a kai 228, inda ruwan zai taɓa ƙasar Mali.

Mu ɗiyan birni in mun ji "diyya" sai mu hango ambulan cike da jikkuna. Abokin nan nawa ne ya zaunar da ni ya warware mini. Mutumin gaɓa ba abu guda yake ci ba. Yana da shinkafar da ke bin ambaliya, yana da gero a tudu, yana da burgu da shanu ke kiwo in ruwa ya janye, matarsa na da ɗan lambu, ɗansa na jefa taru. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya rufa asiri. Kuma gonar nan gado ce: yana iya ba da aronta, yana iya jinginar da ita ranar da ciwo ya zo, yana iya barin ta ga ɗiyansa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Abin da ake ba shi a madadi shi ne ɗan yanki cikin filin da gwamnati ta gyara da magudanai, irin waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su, kamar na Famale da Gabu. Irin wannan fili na gwamnati ne. Ruwa da famfo yake zuwa, famfo da kuɗi yake tashi, kowace kaka akwai kuɗin ruwa da za ka biya wa ƙungiya, ga taki, ga iri. A tsarin da aka saba, wanda ya kasa biya ana iya karɓe yankinsa a ba wani. Mafitar da aka kawo ita ce a ba su takardar haya mai dogon zango, wadda ake iya gada. Ta fi babu, ban musa ba. Amma haya sunanta haya. Jiya kai ne mai gona, yau kai ɗan haya ne a wurin wanda ya nutsar da gonarka.

In mutum ya tsaya ya ce ba zai sa hannu ba sai an fayyace masa wannan, doka yake bi. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya kamar yadda ta amince da mai takarda. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara a 2008, shekarar tubalin farko, ta ce a biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Kafin, ba bayan ba. Kuma mutanen kashi na biyu ba a duhu suke ba. Kasuwa guda suke ci da na kashin farko, sun ji koke-kokensu kan jinkirin ruwan sha a sabbin matsugunai da kan filayen da ba su ishi gida ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce masa ya shafa wa nasa ruwa ba.

Na je na karanta abin da ya faru a maƙwabta, don in san ko tsoron nasu yana da tushe. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin jihar Sakkwato, an gina baraj a ƙarshen shekarun 1970 da kamfanin Italiya mai suna Impresit. Manoma Hausawa ne kamar kakanninmu. Aka karɓe gonaki, diyya ta maƙale, suka tare hanyoyin aiki. Cikin watan Afrilun 1980, zamanin mulkin farar hula na Shehu Shagari, aka tura musu ƴan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da ƴan kai suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa. Baraj ɗin yana nan tsaye har yau. Ba baraj manoman suka ƙi ba, haƙƙinsu suka tambaya.

Akwai kuma wani misali da ya fi kusa da tukunyarmu. A jihar Bauchi an daɗe ana son gina baraj a Kafin Zaki, kan kogin Jama'are, kuma mutanen dausayin Haɗejiya da Nguru da na jihar Yobe sun yi shekaru suna cewa a'a, don sun ga yadda Tiga da Challawa suka rage musu ambaliya. Ruwan nan shi ke gangarowa cikin Komadugu Yobe, wanda manoman tattasai na Diffa ke rayuwa da shi. In aka kawo wannan zance a fada, kowane ɗan Nijar zai ce masu adawar nan sun yi gaskiya, a tambayi na ƙasa kafin a datse na sama. Mi ya sa hankalin namu yake aiki in baraj na wasu ne, ya ɗauke kamar wuta in namu ne?

Ƴan siyasar jihar Tillaberi su ma ba zan bar su ba. Shekaru da dama kafin 2023, yankin yana da depite a majalisa, yana da magadan gari, yana da majalisar jiha. Ana zuwa Ayoru neman ƙuri'a da buhunan shinkafa da atamfa mai hoton ɗan takara. Aikinsu ne su tilasta a manna jerin sunayen masu diyya a bainar jama'a, a karanta shi da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da Hausa, a faɗi ranar tashi, a faɗi inda za a koma, a faɗi ƙofar da mai ƙorafi zai ƙwanƙwasa. Abin da muka fi gani shi ne manyan riguna a layin gaba ranar biki. Na ɓangaren mulki ya yi tafi don kada a ce ya saɓa wa shugaba, na adawa ya tuna da Kandaji ranar da yake neman abin jifar gwamnati, in ya samu kujera ya mance hanyar.

Yau majalisar ma babu, an rusa ta. Yankin yana cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, shekarar da aka kashe jandarmomi 13 a Ayoru, kuma tun daga nan lamarin bai yi sauƙi ba. Mutum yana fama da tsira da ransa, wa zai tara taro kan takardar fili? Wannan ne ya sa nauyin ya ƙaru a kan masu mulkin yanzu, tunda babu wanda ke tsakaninsu da talaka. Muna ta cewa zancen ƙasa ne. Na yarda. Amma a Hausa ƙasa ba tuta kaɗai ba ce, har da wadda ake shuka a cikinta ake kuma binne kakanni. In za a samo kuɗin ƙarasa Kandaji ba tare da jiran baƙi ba, madalla. Sai dai mu sani, ƴan sharuɗɗan da suka kare mutanen gaɓa, da yawansu cikin takardun masu ba da bashin nan suke. In sun tafi da takardunsu, wa zai riƙe sharaɗin, in ba mu ba?

Mu kuwa ɗalibai, mun iya fita in bursi ya makara. Kowace 9 ga Fabrairu muna tuna ƴan'uwanmu da suka faɗi a gadar Kennedy a 1990, muna jawabi kan adalci. A kan gadar nan muke tsayuwa, ruwan da ke wucewa ƙarƙashinmu ta Ayoru ya biyo. Cikin ajinmu akwai masu karatun shari'a da suka haddace dokar filaye don jarrabawa, akwai masu karatun noma, akwai masu jin harsunan yankin duka. Ƙasidar nan tamu shafi ashirin ce, ana buga ta da dala-dala a shagon fotokofi. Ba za ta gagare mu ba mu ware shafi huɗu a fitowa ta gaba, mu fassara abin da doka ta ce kan diyya cikin harshen da tsoho zai ji, mu ba masu tafiya hutu su kai gida.

Makon jiya na koma wurin abokin nan nawa na ba shi haƙuri kan maganar daren nan. Ya yi dariya ya ce ya riga ya mance. Sannan ya gaya mini cewa tun da aka zo aka ƙirga ɗakunansu da itatuwansu aka rubuta, babansa bai ƙara aza bulo ko guda ba, don an ce abin da aka gina bayan ƙirga ba ya cikin lissafi. Ƙanensa ya yi aure, yana zaune da amarya cikin ɗakin zana. Bana tsohon ya samo ɗan dashen mangwaro, ya ajiye shi cikin gwangwani a bakin randa. Duk ranar da suka yi waya sai ya tambaye shi, tunda shi ne ɗan Yamai mai jin labarin manya, ko ya dasa ko ya dakata.