Waƙar Mai Gyaɗa da Ladabin Aro

Tsoffin faya-fayan garmaho da iyayenmu suka jibge a ƙarƙashin gado sun yi daraja. Tun 2004, da kamfanin Soundway na Ingila ya sake fitar da kiɗan ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano, sannan Analog Africa na Jamus ya biyo baya a 2008, masu farautar faifai ke zagaya garin nan gida-gida. Yaranmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta, daga unguwar Zango har Agla, su ma sun farga: sai ka ji an yanko busar kakaki ko kaɗin jita daga tsohon faifai an ɗora wa sabuwar waƙar biki. Ina murna da wannan yayi ƙwarai. Damuwata ita ce muna ɗibar sautin, muna barin tarbiyyar da ta haife shi.

Akwai waƙa guda da tarihinta ya isa misali. Moisés Simons mutumin Havana ne ta ƙasar Kuba, an haife shi a 1889, sana'arsa tsara waƙoƙin wasan dandamali, har wasansa Toi c'est moi ya yi tashe a Paris a 1934. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne El Manisero, waƙar da ya gina kan kiran mai tallar soyayyar gyaɗa a titi. A 1930 ƙungiyar Don Azpiazu ta naɗe ta a New York da muryar Antonio Machín. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Louis Armstrong ya naɗi tasa, Duke Ellington ya biyo a 1931. Waƙa ɗaya, mai ita ɗaya, amma ka saurari faya-fayan nan uku a jere, ba za ka taɓa rikita su ba. Azpiazu ya ajiye ta kan ƙwanƙwasar sanduna da girgiza caki. Armstrong ya juya ta yadda harshensa da kakakinsa suka ga dama. Ellington ya shimfiɗa ta a kan masu busa da yawa.

A 1933 kamfanin HMV ya fara buga jerin faya-fayan Kuba masu lambar GV domin kasuwar Afirka, kuma na farko a jerin shi ne wannan waƙa ta mai gyaɗa. Daga tashoshin jiragen ruwa ta shiga gidajen rawa na gaɓar teku, daga Dakar har Kinshasa. Wanda ya san Sawale ta Cardinal Rex Lawson, ya kuma san Nwa Baby ta Flavour, ya ji jikokinta da kunnensa.

Kwatano ba ta zauna kallo ba. Ignace de Souza ya fara busa a ƙungiyar Alfa Jazz ta garin nan kafin ya tafi Ghana ya kafa Black Santiago. Gnonnas Pedro ya ɗauki Yiri Yiri Bon, wadda Silvestre Méndez ɗan Kuba ya tsara, ya rera ta har da yawa a nan suka ɗauka tasa ce. Shi ne kuma ya ɗora kiɗan gargajiya na agbaja a kan jita da kakaki. Poly-Rythmo, ƙarƙashin Mélomé Clément, suka haɗa salon James Brown da gangunan sato da sakpata na mutanen Fon, kamfanin Albarika Store yana buga musu faifai.

Abin da nake so yaranmu su lura da shi shi ne yadda aka yi aikin. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da ɗan wani abu. Ba a goge kuskure. Mai busa ya yi tuntuɓe a ƙarshe, kowa ya koma farko. Ko a shekarun 1970, Poly-Rythmo sun naɗi waƙoƙi da dama a tsakar gidajen mutane da na'urar Nagra da makirufo ɗaya ko biyu: mai rera waƙa a gaba, masu busa a bayansa, mai ganga can nesa don kada ya danne kowa. A irin wannan zama ba yadda za a yi ka ari waƙa ba tare da ta ratsa hannunka da numfashinka ba. Kafin ta fito, ta riga ta ɗauki warin gumin mutum goma. Shi ya sa aron nasu ya zama ƙirƙira.

Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne idan ka yafa shi yadda ka karɓo. Yaron da ya yanko daƙiƙa takwas daga faifan wani, ya sa kwamfuta ta yi ta maimaitawa, ya ɗora murya, bai taɓa waƙar ba balle ta taɓa shi. Ba na'urar nake zargi ba. Akwai masu gwaninta da ita. Ina magana ne kan gaggawa, da rashin zama a koyi kiɗan da yatsu kafin a ce an sabunta shi.

Ladabi na biyu shi ne ambaton mai kaya. Ɗauki tsohon faifan Amurka ka duba takardar tsakiya: sunan waƙa a sama, sunan wanda ya tsara ta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sannan sunan ƙungiya. Ta haka muka san Simons yau. Magabatanmu na Afirka ba kullum suka kiyaye wannan ba, kuma mu Hausawa mun ga yadda karin waƙoƙin Indiya ya cika finafinanmu ba a faɗi mai shi. Bai kamata mu gaji wannan ba, alhali a Benin akwai hukumar BUBEDRA mai kula da haƙƙin masu fasaha, kuma iyalan mawaƙan nan suna raye a cikinmu.

Na san wasu dattawan Zango za su ce wannan kiɗan mashaya ne na unguwar Jonquet, ba namu ba. Ina girmama su, amma Hausa ma ta shiga wannan tarihi. Kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin Hausa a Landan tun ƙarshen shekarun 1920, Bala Miller kuma ya rera Hausa a kan kakaki da jita tare da ƙungiyarsa Great Music Pirameeds of Afrika, Arewa ta taka.

Saboda haka wanda ke da faifai a gida, kada ya sayar kafin a kwafe sautin a ɗauki hoton takardarsa. Mai haɗa kiɗa kuma, in ya ji abin da ya burge shi, ya nemi tsohon makaɗi a garin nan ya koya masa, ya biya shi, ya rubuta sunan mai waƙar kusa da nasa.